Kwanon Iya na Ranar Juma'a

Samaru, Zariya.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Maiduguri lafiya, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokan zama na ƙwarai, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta. Na ba mahaifiyarka wannan takarda ta sa maka a ƙasan akwati, domin ka karanta ta bayan ka huta gajiya.

Ka san ni ba mai yawan magana ba ne, kuma kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina ka ci. Zama gaba da gaba da kai bai taɓa yi mini sauƙi ba. Shi ya sa na zaɓi alƙalami. Game da salla da riƙon amanar aiki ba zan ce maka komai ba, domin na ga yadda ka tashi, na kuma gode wa Allah. Magana ɗaya ce ta sa na zauna rubutu.

Ranar da dangi suka zo yi maka sallama, gwaggonka Asabe ta dube ka ta ce, "Masha Allahu, Abba wuya ya fara cika, ga kumatu. Baffansa sak! Bari ya kama albashi ku ga ikon Allah." Kowa ya yi dariya, kai ma ka sunkuyar da kai kana murmushi. Ni ban yi dariya ba. Baffan naka da ta ambata, Alhaji Sani, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, hawan jini ne ya kayar da shi a tsakiyar kantinsa da ke unguwar PZ. Mahaifinmu ma haka ya tafi, furfura ba ta gama kama gemunsa ba. Duk mazan gidanmu jiki ɗaya ne da mu, da zarar daɗi ya samu sai ƙiba ta biyo baya, ciwo kuma ya biyo ƙiba. Ni ne na farko a cikinmu da ya kusa ajiye aiki yana tafiya da ƙafarsa. Ajali na Allah ne, ban yi musu ba. Amma ina so ka san yadda aka yi na kawo yau, da inda na yi kuskure, ko Allah zai sa kai ka fara daga inda na ƙare.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki ƙiba a matsayin shaidar cewa na zama mutum. A makarantar kwana Tsinke ake kirana. Da na dawo daga karatun jami'a, kakarka, wadda duk muke kira Iya, ta kama hannuna ta juya shi ta fashe da kuka, ta ce karatu ya cinye mata ɗa. Tun daga ranar ta ɗaura ɗamarar gyara ni. Kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, nakan bi ta gidanmu na Sabon Gari in gaishe ta. Kafin in gama tuɓe takalmi ta ajiye mini kwano: tuwon shinkafa, miyar taushe man shanu na yawo a kanta, ƙashi mai ɓargo, ga waina a gefe. Sai ta zauna a bakin gado ta tsura mini ido har sai ta ga ƙasan kwanon. A gidanmu ba a mayar wa uwa da kwano da saura. Na ci, na kuma ji daɗin ci. Da tela ya fara ƙara mini yadi, mutane suka fara cewa "Malam ya murje," har masinjoji suka koma kirana da ranka ya daɗe, sai na ji a raina cewa na iso. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, amma akwai lokacin da nakan tsaya gaban madubi in gyara babbar riga a kan tumbi ina jin girma.

Shawarata a nan gajeriya ce. Za a yaba maka idan ka yi ƙiba, kuma masu yabon da zuciya ɗaya za su yi. Ka karɓi ƙaunar da ke cikin maganarsu, ka bar musu hukuncin. Ba su ne za su ɗauki jikin ba.

Na biyu ya shafi ƙafa. An ɗauke ni aikin binciken noma ne domin in shiga gona. A shekarun farko ni da kaina nake bin kunya-kunya a gonakin gwaji, ina duba ganyen gyaɗa, ina tsugunawa ina tona ƙasa. Da aka ƙara mini girma aka ba ni ofis mai fanka, na kuma sayi mota, sai na koma aika mataimaka su dubo su kawo mini rahoto. Daga gida zuwa ofis mota. Daga ofis zuwa masallaci, tafiyar da ba ta kai a tafasa ruwan shayi ba, mota. Da yamma a zauna da abokai a ci tsire a kora da lemon kwalba. Shayina kuwa sai cokali ya kusa tsayawa a ciki saboda madarar gwangwani da sukari. Na gaya wa kaina cewa wannan shi ne matsayi. Likitan asibitinmu ya auna ni ya yi mini gargaɗi, ba sau ɗaya ba. Na saurare shi cikin ladabi, na gode masa, na fito na shiga mota. Na yi karatun kimiyya, na san ma'anar duk abin da ya faɗa. Sanin bai amfane ni da komai ba, domin ban so ya amfane ni ba.

Kai ma za su ba ka kujera, kuma na ji an ce matasan ma'aikata yanzu ba sa shekara ba su yi mota ba. Ka yi, Allah ya sa albarka. Amma ka ware wa ƙafarka wani abu da mota ba za ta taɓa ƙwace mata ba, ko da zuwa masallaci ne da kasuwa. Abin da ƙafa ta saba tun da ƙuruciya ba ya yi mata nauyi da girma.

Yanzu zan gaya maka abin da ya faru ranar da aka binne baffanka. Kana makarantar sakandare a lokacin, shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. An fito da makara daga gida, jama'a na karɓa-karɓa kamar yadda aka saba. Na sa kafaɗata. Ban yi nisa ba numfashina ya sarƙe, idona ya fara ganin duhu. Wani ya dafa ni ya ce, "Kawo, Malam, huta." Na sakar masa. Da muka isa maƙabarta, aka ajiye makara a bakin kabari, liman ya ɗaga kai ya ce, "Ina ɗan'uwansa? Ya sauko ya karɓe shi." Jama'a suka buɗe mini hanya. Na matsa na dubi ramin. Ba zurfinsa ne ya tsayar da ni ba. Na san cewa in na sauka na durƙusa, ba zan iya miƙa shi cikin makwancinsa ba, kuma ba zan iya tashi ba sai an cicciɓo ni a gaban mutane. Na tsaya kamar an kafe ni. Da jiran ya yi yawa, sai Garba tela, maƙwabcinmu, mutum ɗan siriri mai ɗan ranƙwafawa, ya naɗe hannun riga ya sauka shi da wani. Mutane sun ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni. Na bar su a haka.

Yayana shi ya biya mini kuɗin littafi tun ina elementare, shi ya goya ni a kekensa zuwa tashar jirgi ranar da zan tafi makarantar kwana. Hidima ɗaya ta rage da zan yi masa a duniya, jikina ya hana ni.

Bayan sadakar bakwai na shiga sito na jawo tsohon kekena na zamanin samartaka. Ina cikin share shi sai ga Malam Yohanna, abokin aikina mutumin Wusasa, wanda ka sani, har yau bai fi sanda kauri ba. Ya zagaya keken, ya zagaya ni, ya ce, "Mahmudu, wannan bawan Allah me ya yi maka za ka hukunta shi haka?" Na ce masa likita ne ya sa ni. Ya ce, "To likitan ya nemi yardar keken?" Da ya ga ban yi dariya ba sai ya bar zolayar. Washegari da sassafe na ji ƙararrawa a ƙofar gida, na leƙo na gan shi a kan nasa keken. "Fito, Alhaji Buhu," in ji shi, "in ka faɗi a samu mai kai labari." Tun daga ranar, in ba Lahadi ba da yake zuwa coci, bai fasa zuwa ba. Ranar farko ban kai ƙarshen layinmu ba na sauka ina haki. Ya sauka shi ma, muka turo kekunan muka dawo yana ba ni labarin tsutsar auduga. Wannan mutum yana bi na bashin godiya har in koma ga Allah. In ka sami aboki irinsa, wanda zai yi maka ba'a a ƙofar gida amma ya rufa maka asiri a kan hanya, ka riƙe shi, ko daga ina ya fito.

Ban san cewa babban ma'aikaci a kan keke abin kallo ne ba sai da na hau. Motoci suka riƙa tsayawa. "Ranka ya daɗe, mota ta lalace ne? Shigo in rage maka hanya." Da na koma shiga gonakin gwaji da ƙafa, aka ce an rage mini muƙami. Da riguna suka fara yi mini yawa, aka ce sammu ne, wasu suka ce wani mugun ciwo nake ɓoyewa. Ban tanka wa kowa ba. A ganina mutum mai mutunci ba ya tsayawa bayanin cikinsa.

Wannan shirun shi ne kuskurena mafi girma, domin ba ni na biya kuɗinsa ba. Na roƙi mahaifiyarka ta rage mai da gishiri, ta daina soya mini nama, ta yawaita ganye. Ta yi, ba ta tambaye ni dalili ba. Amma ga Iya ban iya buɗe baki ba. Tun rasuwar Alhaji ta koma zuba mini rabona da nasa a kwano ɗaya, ta ce hannunta ya saba auna na mutum biyu. Sai na shiga dabara. Yau in ce na ci a gida, gobe in ce cikina ba daɗi, in tsakura in rufe. Daga baya na fara tsallake Juma'a ɗungurungum, in aika a ce aiki ya riƙe ni. Tsohuwar da ta rasa ɗa ɗaya, ɗayan kuma yana ramewa a idonta yana gudun abincinta, me kake tsammani za ta ɗauka?

Ta aika aka kira mahaifiyarka. Ba a gabana aka yi ba, gwaggonka ce ta ba ni labari daga baya. A gaban matan gida Iya ta ce mata, "Hajara, na ba ki ɗa kamar bijimi, kin mayar mini da shi karan dawa. In girkin ne ya gagare ki, ki faɗa. In kuma ke kika raba shi da kwanona, Allah yana gani." Mahaifiyarka ba ta ɗaga kai ba, ta ce a yi haƙuri, ta dawo Samaru. Ta ajiye mini abinci kamar kullum, ta zuba ruwa, sannan ta tsaya. Ka san ba ta tsayawa. Ta ce, "Malam, ko dai ka ci, ko ka faɗa. Ɗaya za ka zaɓa. Ni na gaji da ɗaukar laifin da ban san sunansa ba."

Tunda muka yi aure ban taɓa jin ta yi mini magana irin wannan ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ka lura da wannan, Abba, domin na ga halina a jikinka. Kawaici abu ne mai kyau, amma in ka yi shiru a kan abin da kowa yake gani, mutane za su nemo masa dalili da kansu, kuma a kan wanda ya fi rauni za su ɗora shi.

Juma'ar da ta biyo na hau keke tun daga Samaru har Sabon Gari, karo na farko da na yi wannan doguwar tafiya. Na bi ta hanyar Basawa don gudun manyan motoci, na yi sallar Juma'a a Sabon Gari, na isa gida riga ta jiƙe sharkaf. Iya ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ina motar?"

"Tana gida, Iya."

"Sun karɓe ta ne? Ka gaya mini gaskiya, Ɗanjuma."

Sunan da take kirana da shi ke nan. Na ce ba wanda ya karɓe ta. Ta turo mini kwano, ta buɗe, ƙamshin man shanu ya cika ɗakin. Na mayar da murfin. Na ce, "Iya, kin san wanda ya sa Yaya a kabarinsa?"

Ta ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Kai mana. Da me kake tsammani nake rarrashin zuciyata?"

Ka san mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya mata. Duk tsawon watannin nan tana kwana da tunanin cewa hannun ƙaninsa ne ya kwantar da shi. Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Na gaya mata abin da likita ya ce, na kuma ce Hajara umarnina take bi.

Can ta ce, "Garba tela? Garban da iska ke kaɗawa?"

Na ce shi.

Ta murza carbi a hannunta ba tare da ta ja ba. Sannan ta ce, a hankali, "To ni wa zai sa ni?"

Na ce, "Ni, in Allah ya nufa na kai. Amma sai kin taimake ni."

Ta miƙa hannu ta jawo kwanon zuwa gabanta, ta kira yaran gida ta ce su ɗauka su cinye. Ta ba ni ruwa a moɗa. Da zan tafi ta raka ni har zaure, abin da ba ta saba yi ba, ta tsaya tana kallon yadda nake hawa keken. Ta ce, "Ka bi gefe."

Juma'a ta gaba na tarar da kwanon nan dai, a wurinsa na kullum. Na buɗe na ga faten tsaki ne, ya sha rama da yakuwa, babu ko ɗigon mai, kuma bai wuce rabin kwano ba. Ta ce, "Abincin da na raine ku da shi ke nan lokacin da babu. Ashe ban san gata nake yi muku ba." Ta zauna a bakin gado ta tsura mini ido kamar da, na cinye tas. Ta kuma ba ni turmin atamfa ta ce in kai wa mahaifiyarka, in ce mata Iya ta ce ashe magani take dafawa. Iya ba ta taɓa ba wa na ƙasa da ita haƙuri da baki ba. Mahaifiyarka ta gane, har yau zanen yana cikin akwatinta.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Da Babbar Salla ta zo na ci soyayyen nama kamar ba ni ba, na yi makonni ban taɓa keke ba, kunya ta hana ni amsa ƙararrawar Yohanna. Shi kuwa bai fasa kaɗa ta ba har na fito. Akwai kuma lokacin da na yi gaggawa, na hana kaina abinci har jiri ya ɗebe ni a gona, likita ya yi mini faɗa ya ce ba yunwa ya aike ni ba. Abin da na koya shi ne jikin da aka yi shekaru ana tarawa ba a sauke shi a wata guda. A ci, a tashi da sauran wuri a ciki, kamar yadda malamai suka karantar da mu tun muna yara. A yi tafiya kullum ko ba a so. In an faɗi a tashi ba tare da dogon bayani ba. Sannu a hankali ƙafata ta daina kumbura, na koma zaman tahiya ba tare da na jingina da bango ba, likita ya rage mini ƙwayoyi. Ka riƙa zuwa ana auna jininka ko kana jin lafiya, domin wannan ciwo ba ya sallama.

A can inda za ka, mutane ne masu karamci, za su cika maka gaba da abinci. Kada ka ƙi, ƙin abinci cin fuska ne. Ka ci kaɗan, ka yaba, ka faɗi dalilinka a fili tun ranar farko: ciwon gidanmu ne. Za su yi maka ba'a su ce Bazazzagi ya saba da fate. Ka yi dariya tare da su.

Sauran labarin ka san rabinsa. Da daminar bara Iya ta rasu kana tsakiyar jarrabawar ƙarshe, ba ka iso ba sai da aka share makoki. Ga rabin da ba ka sani ba. Na ɗauki makararta tun daga ƙofar gida, an yi ta miƙo kafaɗa ana cewa in kawo, na ce a bar ni tukuna. A bakin kabari, da liman ya ce, "Ina ɗanta?" kafin ya rufe baki na sauka. Ƙasar da laima, ta kama mini gwiwa. Aka miƙo mini ita, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita a kan damanta, na gyara mata fuska zuwa alƙibla, na jera itace da hannuna. Da na gama, Garba tela, wanda ya tsufa sosai yanzu, ya miƙo mini hannu daga sama. Na gode masa, na dafa gefen ramin na fito da kaina.

Na yi kuka a ranar, amma ban san rabon da zuciyata ta yi sanyi irin haka ba. Na gode wa Allah da ya ara mini lokaci bayan na yi wasa da shi. Na gode wa mahaifiyarka, na gode wa Yohanna, na gode wa tsohuwar da ta yarda ta canja abin da ke cikin kwanonta bayan ta haura saba'in.

Ban roƙe ka komai ba tun da aka haife ka. Yau ina roƙo. Wata rana, kusa ko nesa, liman zai ɗaga kai a bakin wani rami ya ce, "Ina ɗansa?" Ina so jama'a su buɗe maka hanya, ka sauka, ka kuma fito da ƙafarka.

Allah ya tsare ka a zaune da tafiye, ya ba ka lafiya mai amfani, ya yi wa aikinka albarka, ya dawo mana da kai cikin aminci. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Keken yana nan, na sa an canja masa taya. In ka zo hutu za mu je gaida gwaggonka a kan keke, kai a naka ni a nawa.

Wassalam.

Mahaifinka.